'Yar Tsana a Bangon Faifai

Shekara ashirin da biyu Merle Janowiak ya yi yana kaɗa jita a ƙungiyar Gidan Makoki, amma da za ka tare mutum ɗari a titin birnin Toledo na Amurka ka ambaci sunansa, ko ɗaya ba zai ɗaga kai ba. Wanda jama'a suka sani Mai Haƙa ne, dogon nan mai fuskar roba ruwan toka da jita mai siffar shebur, wanda ke jan ƙafar hagu a kan dandamali yana watsa wa 'yan sahun gaba ƙasa a ido, su kuma suna ihun murna. Shi kuwa Merle, unguwa ta san shi da dattijon da ke haya a saman shagon wankin kaya, mai ɗingishi, wanda gaban rigarsa ba ya rabuwa da tabon kofi.

Dokar ɓoye fuska ta Lyle Baranek ce, mawaƙinsu kuma shugabansu, wanda a dandamali shi ne Mahauci. Tun a 1974, ranar da su huɗu suka fara sa fuskokin roba a garejin mahaifiyarsa, ya ce ba fuska, ba suna, har abada. Suka tattara duk hoton da aka taɓa ɗaukarsu riƙe da kayan kiɗa, suka cusa a duro, suka zuba fetur. Merle ne ma ya ƙyasta ashanar, yana ƙyalƙyala dariya. A bayan kowane faifai sunaye huɗu za ka gani: Mahauci, Mai Haƙa, Likita mai ganguna, sai Amarya, wato Stosh, ƙaton da ƙofa ke yi wa kaɗan, wanda ke kaɗa babbar jita cikin farar rigar aure jina-jina. Jinin ruwan zaƙin masara ne da jan kala, shi ya sa duk garin da motarsu ta tsaya ƙuda ne ke fara zuwa yi musu sannu da zuwa. Kan aladen da suke hawa dandamali da shi dai na gaske ne. A ƙarshen kowane wasa sai a kama Mahauci a tura a akwatin gawa, a buga ƙusoshi, Mai Haƙa ya bi shi da ƙasa da bakin jitarsa. A waje kuma matan coci sun yi layi da kwalaye masu rubutu suna roƙon Allah ya tarwatsa su. Lyle yakan aika musu da kofi mai zafi, don ya san ranar da suka daina zuwa tikiti ma zai daina ƙarewa.

A cikin masu riƙe kwalayen har da Lorraine, matar Merle. Ta san wanda ke cikin fuskar ruwan tokar, shi ya sa ta fi kowa ɗaga murya. A 1978 ta ce ya zaɓa, ko gida ko titi, wato yawon wasa gari-gari. Ya zaɓi titi, ya bar ta da 'yarsu Corinne mai shekara shida. Lorraine ba ta taɓa gaya wa yarinyar aikin ubanta ba. A ganinta gara ta tashi da sanin ubanta maƙaryaci ne ɗan yawon duniya, da ta san yana binne mutane a gaban jama'a don nishaɗi. Ya aika katin gaisuwa sau biyu ko uku, aka dawo masa da su a rufe, shi ma dai bai wani matsa ba. In za a faɗi gaskiya, a lokacin ihun mutum dubu biyar ya ishe shi komai.

Sai ga shi shekara uku da suka wuce hannunsa na dama ya fara rawa. Likitan asibiti ya ba abin wani dogon suna, ya ce ba ya warkewa, gaba ma yake yi. Lyle ya kawo wani Duane Pickrell, tsayinsu ɗaya da Merle, yatsunsa kamar walƙiya. To a nan ne Merle ya yi abin da duk wanda ya ji ransa zai ɓaci. Wata uku ya zauna yana koya wa mutumin nan zama shi. Ya koya masa yadda ake sassauta wayar jita ta uku ta riƙa kuka kamar ƙyauren da ba mai. Ya sa masa tsakuwa a takalmin hagu har ɗingishin ya zauna masa, alhali shi Merle nasa ɗingishin a garin Akron ya same shi, ranar da ya faɗo daga dandamali a 1976 ƙugunsa ya tsage. Ya riƙe masa hannu ya koya masa sa hannun Mai Haƙa, gicciye da ɗan shebur a gindinsa. Ranar da Duane ya fara fita ba wanda ya gane an canza mutum, Merle yana tsaye bayan labule yana jin daɗi, wai aikinsa ya yi kyau.

Lorraine ta rasu da bazara. A watan Oktoba na 1999 waya ta yi ƙara a ɗakinsa, wata murya ta ce ita ce Corinne, tana son ganinsa gobe da safe a gidan abincin da ke kusa da gada.

Ya riga ta zuwa da awa guda. Ya ce a ba shi kofi rabin kofi, don kada ya zube. Da ta shigo nan take ya gane ta: goshin uwarta, tsayinsa, ga ciki ya fito sosai.

"Kai ne Merle?"

Duk daren jiya ya kwana yana jin yadda "Baba" zai fito daga bakinta. Ya gyaɗa kai.

Ta zauna ba ta cire kwat ba. "Ina da aiki a kemis ƙarfe goma, saboda haka kada mu ja zance. Watan Janairu zan haihu. Mijina ya dame ni wai yaro yana da hakkin ya san kakansa. Ni dai ban ga hakkin ba, amma na yi masa alkawarin zan zo in ji da kunnena. Shekara ashirin da ɗaya, ina ka shiga?"

Ya duba hagu, ya duba dama, kamar wanda zai sayar da kayan sata. Bai taɓa furta maganar ga kowa ba. Ya rage murya ya ce, "Kin san Gidan Makoki? Ni ne Mai Haƙa. Wato ni ne dā."

Ta zuba masa ido, sai kuma ta fashe da dariya har ta dafe ciki. "Masu kan aladen nan? Mijina yana da rigarsu, da ita yake wanke mota. Kai, Mama ta ce in na taɓa haɗuwa da kai za ka ce mini kai matuƙin jirgi ne ko ɗan leƙen asiri. Wannan kam ko ita ba ta hango shi ba."

"Wallahi gaskiya nake gaya miki. Uwarki ta sani."

"Uwata tana ƙasa, ka samu shaida mai sauƙi. To, kaɗa mini in ji."

Ya ɗago hannun daga ƙarƙashin tebur ya ajiye a gabanta. Cokalin da ke kusa ya fara ƙara. Ta kalli hannun da idon mai aikin magani, ya ga ta gane ciwon, ya kuma ga ganewar ba ta taɓa mata zuciya ba.

"Hoto fa?"

"Mun ƙona su."

"Takarda? Suna a faifai?"

"Komai da sunan kamfanin Lyle yake. Doka ce, ba fuska, ba suna."

"Madalla. Komai ya zo daidai ke nan." Ta miƙe da ƙyar tana dafa tebur. "Ka ji, Merle, ban zo neman uba mai suna ba. Da ka ce mini kurkuku ka yi, da na karɓa. Gaskiya guda ɗaya nake so, wadda zan gani da idona. In na gani, ka zo asibiti ka ɗauki jikanka. In ban gani ba, ka yaga lambata."

Ya ce ranar Asabar ƙarfe biyu ƙungiyar za ta zauna a shagon faifai na titin kasuwa tana sa wa masoya hannu, bikin cika shekara ashirin da biyar. Ta zo, Lyle da kansa zai gaya mata. Ta ce za ta zo, ta fita ba ta taɓa ruwan da aka kawo mata ba.

Da la'asar ya shiga bas zuwa gidan Lyle a bayan gari. Ya same shi a gareji da tabarau a karan hanci, yana dama jini a bokiti da ludayi, a gefe ga kwalbar maganin ciwon suga. Mahaucin da iyaye ke tsorata 'ya'yansu da shi ke nan, da silifa da tumbi.

"Kai, tsohon ɗan iska, ashe ba ka mutu ba?" in ji Lyle.

"Wa zai binne ni? Na koya wa yaronka komai ban da wannan."

Suka yi dariya, suka rungumi juna. Amma da Merle ya faɗi abin da ya kawo shi, sai Lyle ya koma kan bokitinsa.

"A'a."

"Kalma ɗaya ce fa, Lyle. A kunnenta. 'Eh, shi ne.' Shi ke nan."

"'Yarka tana da miji. Mijin yana da rigarmu, kai ka faɗa da bakinka. Mijin yana da abokai a mashaya. Kafin Litinin duk Ohio ta san Mai Haƙa biyu ne, na ainihin yana saman shagon wanki ko cokali ba ya iya riƙewa. Mutanen da suka zana fuskarka a damtsensu, me zan ce musu?"

"Fuskata?"

"Fuskarsa. Ka gane dai." Ya ɗaga ludayin ya duba kaurin jinin. "Kada ka kalle ni haka, mutumina. Lokacin da tsohuwata ke kwance tana mutuwa, mai jinyarta ta tambaye ni aikina, na ce kafet nake sayarwa. Stosh 'ya'yansa uku, har yau sun ɗauka direban babbar mota ne. Kai ka ƙyasta ashanar nan, ba ni ba."

"Jikana ne, Lyle."

"Na sani. Ka kawo ta, zan ba ta faifai kyauta. Amma in ina cikin fuskar nan ban san ka ba, kuma ka fi kowa sanin haka."

Merle ya juya don kada abokinsa ya ga idonsa. A nan ne ya yi ido huɗu da zanen da ke rataye a bangon garejin, ainihin zanen faifansu na uku, Barcin Rana. Shi ya zana shi da hannun nan da yanzu ke rawa, kamar yadda ya zana bangon duk faifansu bai sa suna ba.

Suna da wata al'ada da ko 'yan jarida ba su taɓa sani ba. Kowane faifai, ɗaya daga cikinsu zai kawo abin da ya fi so a duniya, a sa shi a zanen bango, a yi masa mafi munin abin da za a iya. A wajensu girmamawa ke nan, babu wadda ta fi ta. A na farko haƙoran roba na mahaifiyar Lyle ne a bakin alade. A na biyu zoben auren Stosh ne a yankakken ɗan yatsa. Da aka zo na uku, layi ya zo kan Merle, sai ya buɗe akwatin jitarsa ya fito da 'yar tsanar Corinne, wadda ya fito da ita daga gida ranar da ya tafi. Ido ɗaya gare ta, da rigar ɗorawa mai hoton agwagi, da tabon ƙuna a kumatu inda ta taɓa jingina da na'urar ɗumama ɗaki. Ya zana ta a kan murfin akwatin gawa, ƙusa a kowane tafin hannu, jini na bin rigar. Kwana goma sha ɗaya yana zanen, yana yi yana kuka. Shaguna suka ƙi ajiye faifan sai an manna baƙar takarda a kan wurin, amma a sabon bugun na bikin nan an cire takardar.

Sai ya ji wani sanyi ya ratsa shi. Ga shaida, wadda ba ta bukatar bakin Lyle. Ba wanda zai san 'yar tsanar nan sai mai ita. Kuma za ta ga ba a banza ya tafi ba, za ta ga duk garin da ya shiga tana tare da shi, a wuri mafi daraja da yake da shi. Ya koma gida a bas yana murmushi shi kaɗai, bai kawo komai a ransa ba.

Ranar Asabar layi ya zagaye shagon har bayan gidan mai. Ana iska mai sanyi. Matan coci uku ne suka rage, sun tsufa, suna zaune a kujerun naɗewa da bargo a cinya, kwalayen jingine da bango. Corinne ta zo cikin kwat ɗin da maɓallansa suka daina haɗuwa, ta tsaya kusa da shi ta ce, "To, ga ni."

A bayansu akwai wani mai sanƙo da gemu, ya ba arba'in baya, ya shafa wa fuskarsa toka, a damtsensa ga zanen Mai Haƙa. Bakinsa bai huta ba tun da suka tsaya. Wasa talatin da ɗaya ya gani, in ji shi, kuma yana da wani abu a jikin makullansa da yau sai ya nuna wa Mai Haƙa, ya riƙa karkaɗa aljihu yana dariya.

Sun kusa awa guda kafin su shiga ciki. Ana sa waƙar Ƙafa Shida a lasifika, jitar Merle ta 1977 tana kuka a saman kowa, ya so ya ce mata ji nan, ni ne nan, ya haɗiye. Sai ƙofar baya ta buɗe, 'yan ƙungiyar suka dawo daga hutun shan ruwa, shago ya kaure da ihu. Mahauci a gaba da adda a kafaɗa, Amarya na jan rigarsa, Likita da jakarsa. A ƙarshe Mai Haƙa, yana jan ƙafar hagu, kafaɗa ɗaya a karkace.

Corinne ta kalli Duane har ya zauna. Sannan ta sauke ido kan ƙafar Merle, daidai lokacin da layi ya matsa ya yi taku biyu.

"Har tafiyarsa ka kwaikwaya?" Muryarta ta yi ƙasa. "Kai, abin naka ya kai haka?"

"Corinne, shi ne ya..."

"A'a, baba, ka iya fa!" in ji mai sanƙon, yana dafa masa kafaɗa. "Amma ka ɗan yi yawa. Shi ba ya jefa ƙugu haka. Ka ga, ja za ka yi, a hankali, kamar haka." Ya fita daga layi ya gwada masa, na kusa suka tafa.

Merle ya matsa gaba da layi. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba ko a ranar da ya faɗo a Akron.

Suka iso tebur. Mahauci ya miƙa faifan Barcin Rana, ya nuna cikin Corinne da bakin adda, ya sako muryar nan tasa ta dandamali: "Kai! Wa ya kawo mini nama biyu a fata ɗaya?" Shago ya ɗauki dariya.

Merle ya sunkuya. "Lyle. Don Allah. Don zaman da muka yi."

Ta ramukan fuskar robar ya ga idanun abokinsa sun kaɗa, na ɗan lokaci kaɗan. Sai Mahauci ya buga addar a tebur. "Wane ne kuma Lyle? Kai tsoho, ka ɓata hanya, maƙabarta tana hannun hagu! Mai Haƙa, auna mini tsawonsa!" Aka sake dariya. Amarya ne kawai ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin mayafinsa. Duane ya jawo faifan, ya zana gicciye da ɗan shebur a gindinsa, hannunsa ko gezau, ya tura wa Corinne.

Ta ɗauka don dai ta wuce. "Na gani da idona," ta ce. "Sai anjima, Merle."

Ya sha gabanta a bakin ƙofa, ya kama gefen faifan, ya ɗaga mata shi a fuska. Kwalin faifan yana rawa a hannunsa har sai da ta riƙe ɗaya gefen. "Dubi nan. Nan, kan murfin. Ki duba da kyau."

Ta duba don ta rabu da shi. Sai ya ga fuskarta ta canza. Ta matso da kwalin kusa, ta bi rigar ɗorawar da yatsa, ta tsaya a kan tabon kumatun.

"Dottie," ta ce, ta kira sunan 'yar tsanar.

"Ita ce! Kin gani? Ita ce!" Maganar ta riƙa zubo masa ba tsari. "Ni na zana. Kwana goma sha ɗaya. Al'adarmu ce, kowa ya kawo abin da ya fi so a duniya, Lyle ya kawo haƙoran uwarsa, ni kuma ke na kawo. Kuma ba a zane kawai ba, kowane wasa ita ce a kan akwatin, ni da kaina nake buga ƙusar, ban taɓa bari wani ya taɓa ta ba. Gari saba'in, Corinne. Duk inda na je kina wurin."

Ba ta ɗago ba. "Ka tuna abin da ka ce mini ranar da ka ɗauke ta?"

Ya laluba kansa, bai samu komai ba. Ya tuna akwatin jita, ya tuna Lorraine a bakin murhu ta ba shi baya, ya tuna motar Stosh tana hon a waje.

"Ka ce za ka kai ta asibitin 'yan tsana a sa mata ido, ku dawo tare ran Juma'a." Muryarta ba ta rawa, gara ma da ta yi. "Kowace Juma'a ina bakin taga, har na shiga aji huɗu. Mama ta ce kai maƙaryaci ne, ni ina faɗa da ita, ina cewa asibitin ne da layi. Har wuri na bar mata a gado." Ta ɗago. "Ina take yanzu?"

Zai iya cewa tana ɗakinsa a nannaɗe. Ƙaryar ta zo masa har baki. Kafin ya zaɓa, mai sanƙon ya fito daga wurin tebur da nasa faifan a hammata, ya leƙo ta kafaɗarsu.

"'Yar tsanar Barcin Rana kuke magana? Ai ni za ku tambaya, ina wurin! Cleveland, 1980, wasan ƙarshe na zagayen. Mai Haƙa ya ɓamɓaro ta daga akwatin, ya sumbace ta, ya wurgo mana. Wayyo, ranar an yi dambe! Wani ya samu kai, wani ƙafa, ni haƙorina ɗaya ya tafi, amma dubi." Ya zaro makullansa. A jikin zoben ga wani ɗan hannun roba, bai fi ɗan yatsa tsawo ba, ya yi baƙi don shafa, da huda a tsakiyar tafin. "Yanzu na nuna masa, ya ce ya tuna sarai. Shekara goma sha tara ban rabu da shi ba. 'Yar'uwa, taɓa mana, yana kawo sa'a, ga ki da ciki."

Corinne ta kalli ɗan hannun. Ta kai nata hannun ta rufe cikinta.

Merle ya tuna ranar. Ya tuna cewa a lokacin gani ya yi kyauta ce mafi girma da zai ba mutanensa, ya tuna yadda ihun ya ɗaga rufin. Shekara goma sha tara yana ajiye da ranar a cikin ranakun da yake alfahari da su. Yanzu ne, a bakin ƙofar shagon nan, ya ga abin kamar yadda yarinya mai shekara shida za ta gan shi, ya kuma san ba abin da zai faɗa da zai gyara.

"Na yarda," in ji Corinne. Karon farko ke nan da ta kalle shi ido cikin ido. "Kai ne. Ba ka yi ƙarya ba. Ashe Mama rufa maka asiri ta yi."

"Kin ce in kin gani..."

"Na san abin da na ce." Ta manna masa faifan a ƙirji, ta jira har ya riƙe. "Kada ka zo, Baba."

Ta fita. Ta wuce matan cocin, ɗaya daga cikinsu ta miƙa mata 'yar takarda ba ta karɓa ba. Ta tsallaka titi a hankali, hannu ɗaya a ƙugu. Yana tsaye yana kallonta ta gilashin ƙofar har ta sha kwanar gidan mai. Bai bi ta ba, don da ƙafar nan ko ya bi ba zai cim mata ba. A lasifika waƙar ta kai wurin da jitarsa ke kuka ita kaɗai, masu layi suna bin ta da baki.

"Mata ke nan, ba su san darajar abu ba," in ji mai sanƙon, yana mayar da makullansa aljihu. Ya kalli kwalin da ke karkarwa a ƙirjin Merle. "Baba, kada ka yar da shi fa, da sa hannun Mai Haƙa a jiki. In ba ka so, ni ina so."

Merle ya miƙa masa.